Bayan an sauya gwiwa: abin da za a tarar, da aikin da ke wuyan mai jinya

"Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana da shekara 66, ta fi shekara takwas tana fama da ciwon gwiwa, yanzu ko daga ɗaki zuwa ɗaki sai ta dafa bango. Likitan ƙashi ya ce gwiwar dama ta cinye, sai an sauya ta, har an sa rana wata mai zuwa. Ni ce zan yi jinyarta. Tana da ciwon suga amma tana shan magani. Don Allah me za mu tarar bayan aikin? Yaushe za ta taka ƙafar? Wasu suna cewa a bar ta ta kwanta har sai ta warke, wasu kuma suna ba mu labarin wadda aka yi wa, ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Tsoro ya kama mu."

Malama, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ke kuma ya saka miki da alheri. Kina son sanin yadda kwanakin bayan aiki suke tafiya, da ko hutu ne ya fi ko motsi, da abin da ke sa gwiwar wasu ta sandare. Tambayoyin nan biyu na ƙarshe amsarsu ɗaya ce: kwanciyar da ake ba ku shawara tana cikin manyan abubuwan da ke sandarar da gwiwa. Wannan aiki ba karaya ba ce da ake ɗaure ƙafa a jira ƙashi ya haɗe. Tun ranar farko gwiwar tana iya ɗaukar nauyin jiki, kuma motsi take nema.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Mutane da yawa suna zaton ana cire gwiwar ɗungurungum a sa ta ƙarfe. Ba haka ba ne. Abin da ya cinye shi ne guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa, har ƙashi ya koma yana gugar ƙashi. Likita yana yanka ta gaban gwiwa, tsawon santimita 15 zuwa 20, ya shafte 'yan milimita daga ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, ya sa wa na cinya hular ƙarfe, ya ɗora wa na ƙwauri faranti, sannan ya saka roba mai tauri a tsakaninsu wadda za ta tsaya a madadin guringuntsi. Wani lokaci a liƙa wa bayan ƙoƙon gwiwa 'yar roba ita ma. Yawanci ana kafa su da simintin ƙashi, wanda yake daskarewa cikin mintuna kaɗan tun kafin a rufe raunin. Shi ya sa ake iya taka ƙafar da wuri. Aikin yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu, kuma galibi da allurar gadon baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, a ƙara da wata a cinya don rage zafin awannin farko.

Abin da ke buƙatar warkewa, ke nan, shi ne fata da tsoka da naman da aka ratsa kafin a isa ga ƙashi. Nama kuwa da tabo yake warkewa. Tabon da kike gani a fata kaɗan ne, akwai wani a ciki, kewaye da gaɓar. A makonnin farko yana da laushi, yana bin duk inda aka ja shi. Yana kaiwa wata uku sai ya yi tauri a kan matsayin da aka bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyentakar gwiwa ba ta wuce mako shida zuwa goma sha biyu.

Kwanakin asibiti

Ki sa ran za a tayar da Mama tsaye a ranar aikin ko washegari, da sandar nan mai ƙafa huɗu da ake turawa gaba. Kada abin ya ba ki tsoro, kada kuma ki roƙi ma'aikata su ƙyale ta. Jiri yakan ɗebi mutum a tashin farko saboda jinin da ya rasa da ragowar magani, don haka sai ta fara zama a bakin gado na 'yan mintuna, ƙafafu a ƙasa, kafin ta miƙe, kuma ba ita kaɗai ba. Allurar cinya takan ruɗi mutum: daren farko zafi da sauƙi, sai a kwana na biyu ko na uku, bayan ta sake shi, ciwon ya taso da ƙarfinsa. Hakan ba ya nuna wani abu ya lalace. Yawancin mutane suna komawa gida cikin kwana ɗaya zuwa uku, in sun iya tashi daga gado, sun je bayan gida, sun hau 'yan matakala da taimako.

Kafin ku fito, ki tabbata kin san abu huɗu daga bakin ma'aikata, ki rubuta su: sunan maganin hana daskarewar jini da kwana nawa za ta yi tana amfani da shi, ranar da za a canza bandeji, ranar cire ɗinki, da ranar fara zuwa wurin likitan fisiyo, wato mai koya wa majinyaci motsa gaɓoɓi. Ɗinki ko ƙananan ƙarafan da aka kama fata da su ana cire su tsakanin kwana 10 zuwa 14. Maganin jini kan zama asfirin, ko allurar enoxaparin a fatar ciki, ko ƙwayar rivaroxaban ko apixaban, yawanci na mako biyu, wani likitan ya kai shi mako biyar. Ba a tsallake shi ko da kwana ɗaya don an ga ta samu sauƙi.

Miƙewa da lanƙwasawa

A nan zan daɗe, domin a nan jinyar take. Gwiwa tana da aiki biyu, ta miƙe sarai ta kuma lanƙwashe, kuma ana auna su da digiri. Ƙafar da ta miƙe sambal digiri sifili ce. Tafiya a kan shimfiɗaɗɗen wuri tana buƙatar lanƙwasa wajen digiri 65, hawa matakala wajen 85, saukowa da tashi daga kujera 90 zuwa 100. Abin da muke nema shi ne a kai 90 cikin mako biyu ko kusa da haka, a wuce 110 a mako na shida. Yawancin mutane suna tsayawa tsakanin 110 da 125 a ƙarshe. Babban abin da ke nuna inda mutum zai tsaya shi ne yadda gwiwarsa take lanƙwasuwa kafin aiki. In ta Mama ta daɗe a ƙage, kada ku auna ta da wadda ta shiga tiyata da gwiwa mai laushi.

Mutane sun fi damuwa da lanƙwasawa saboda ita ake gani, amma miƙewa ta fi wuyar dawowa idan ta kuɓuce. Gwiwar da ta rage digiri 10 ba ta miƙe ba tana sa ɗingishi, tana gajiyar da cinya, domin mutum yana tsaye ne kamar mai shirin zama. Kuskuren da ya fi jawo wannan ƙarami ne, kuma tausayi ne ke kawo shi: a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mama za ta ji daɗinsa ƙwarai, za ta ma roƙe ki. Kada ki sa. Matashi ƙarƙashin dunduniya yake zuwa, ko a jera shi tun daga sha-raɓa har dunduniya yadda gwiwar za ta kasance a miƙe. Sau uku ko huɗu a yini, ta kwanta rigingine, ki naɗe tawul ki sa ƙarƙashin dunduniyarta, bayan gwiwa yana reto ba ya taɓa komai, yatsun ƙafa suna kallon sama, ta saki jiki minti biyar zuwa goma. Za ta ji bayan gwiwa yana ja. Jan nan shi ake nema. Hanyar gane ci gaba mai sauƙi ce: in tana kwance a kan abu mai tauri, ki zura tafin hannunki ƙarƙashin gwiwar. Ranar farko zai shige har da sarari, a hankali ya fara matsewa, har ranar da yatsu ma ba za su shiga ba.

Lanƙwasawa kuma iri biyu ce ta fi amfani a gida. Ta farko a kwance: ta ja dunduniya zuwa mazaunai a kan zanin gado, in ƙafar ta yi nauyi a zagaya tawul ko dogon ƙyalle a tafin ƙafa ta riƙa jawowa da hannu. Leda a ƙarƙashin dunduniya tana sa ta zame da sauƙi. Ta biyu a zaune a kujera: ta ja ƙafar baya iya iyawarta, ta ɗora idon sawun ƙafa mai lafiya a gaban na mai ciwo ta tura kaɗan, ta riƙe daƙiƙa goma, ta saki. Sau goma, sau uku ko huɗu a yini. Ki manna 'yar alama a ƙasa inda babban yatsanta ya tsaya, bayan kwana uku ku duba ko ya ja baya. Ganin alamar tana matsawa yana ƙarfafa zuciya fiye da duk wani lallashi.

Sai tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke riƙe gwiwa kada ta lanƙwashe a ƙarƙashin mutum. A watan farko takan rasa fiye da rabin ƙarfinta, kuma ba rama ce kawai ke jawo hakan ba. Kumburi da ciwo suna sa jijiyoyi su rage saƙon da suke kai mata, sai mutum ya ce da ƙafarsa ta ɗaga ta ƙi, kamar ba tasa ba. Maganinsa shi ne a riƙa tashinta da ƙaramin aiki sau da yawa: tana kwance, ta danna bayan gwiwa ƙasa, ta ɗaure cinya har ki ga ƙoƙon gwiwa ya ɗan matsa sama, ta ƙirga biyar, ta saki. In wannan ya zauna, sai ɗaga ƙafa a miƙe kamar taƙi ɗaya daga gado. Ranar da ta ɗaga ƙafar ba tare da gwiwa ta lanƙwashe a hanya ba, an ci babban zango. Har zuwa lokacin, ko ta ce ta ji ƙarfi, kada ta saki sanda, domin gwiwa takan sulale ba sallama, faɗuwa a kan sabon rauni kuwa tana iya buɗe ɗinki ko ta tsinka jijiyar ƙoƙon gwiwa.

Nawa ne ya yi yawa? Zafi da ja lokacin motsa jiki dole ne. Abin dubawa shi ne bayansa. In ciwon ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu, an yi daidai. In ta wayi gari gwiwa ta fi jiya kumbura, ta kuma fi jiya ƙin lanƙwasuwa, an zarce, sai a rage yawan tafiya da tsayuwa kwana ɗaya ko biyu, amma ba a daina miƙewa da lanƙwasawa ba. A ɗakin fisiyo muna ganin kuskuren ta fuska biyu. Akwai mai tsoro da ba ya motsi, akwai kuma mai zafin nama da zai yi ta zagaye tun mako na biyu har gwiwa ta cika da ruwa ta ƙi tanƙwaruwa. Tafiyar minti biyar kowace awa ɗaya ko biyu ta fi doguwar tafiya ɗaya a yini. Kuma kada kowa ya kama ƙafar ya danne ta da ƙarfin tsiya tana ihu. Tsoka takan ƙanƙame don kare kanta, kumburi ya ƙaru, gobe a tarar an koma baya.

In an kai mako shida gwiwa ba ta kai digiri 90 ba duk da ƙoƙari, a koma wurin likitan da ya yi aikin, kada a ce bari a ƙara wata biyu a gani. Akwai abin da ake yi: a sa mutum barci na 'yan mintuna, likita ya lanƙwasa gwiwar a hankali har tabon ciki ya saki, ba tare da yanka ba. Ya fi yin amfani kafin a cika wata uku. Bayan nan tabo ya ƙeƙashe, sakamakon yana raguwa, haɗarin karaya yana ƙaruwa.

Ciwo, kumburi da rashin barci

Ba zan ɓoye miki ba, mako biyu zuwa uku na farko suna da wuya, kuma aikin gwiwa ya fi na ƙugu zafi. Da yawa sukan ce da sun sani da ba su yarda ba, su ɗin ne kuma bayan wata uku suke cewa da sun sani da tuni suka yi. A sha maganin ciwo a kan lokaci kamar yadda aka rubuta, kada a jira sai zafi ya kai maƙura, kuma a daidaita shi ya zama minti 30 zuwa 45 kafin motsa jiki. Farasitamol shi ne tushe, kada ya wuce giram huɗu a yini, a kuma lura cewa wasu magungunan mura da na ciwo suna ɗauke da shi a ciki. Dangin ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma ga mai ciwon suga mai shekara 66 da ke kan maganin hana daskarewar jini, ba a ƙara su sai da izinin likita, saboda ƙoda da gyambon ciki da zubar jini. Masu ƙarfi irin su tramadol da codeine na 'yan kwanaki ne, a riƙa janye su a hankali. Suna ɗaure ciki, don haka a nemi maganin sassauta bayan gida tun ranar farko, ta kuma yawaita shan ruwa.

Kumburi yakan kai ƙololuwa a makon farko, ya sauko har idon sawu, fata ta yi tabbare-tabbaren kwanciyar jini a cinya da ƙwauri. Nauyi ne ke jan jinin da ya kwanta zuwa ƙasa. Abin da ke rage shi biyu ne. Ɗaga ƙafa, amma ɗagawa ta gaskiya: tana kwance, ƙafa ta fi ƙirji tudu, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a yini. Ɗora ƙafa a kan ƙaramar kujera tana zaune ba ya sauke ruwa. Sai ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, musamman bayan motsa jiki. Ba a ɗora ta kai tsaye a fata, domin gefen raunin ba ya ji sosai, sanyi zai iya ƙona wurin ba ta sani ba. Ruwan zafi da man zafi da tausa mai ƙarfi a kan gwiwar duk a ajiye su a wannan lokaci, ƙara kumburi suke yi. Ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa sau ashirin kowace awa tana farke. Wannan ɗan motsi shi ke tura jini daga sha-raɓa zuwa sama.

Dare ne ya fi damun mutane, kuma ba kasafai ake gaya musu ba. Da rana hankali yana wani wuri, da dare sai gwiwa ta yi ta zugi, ga taurin rashin motsi. Barci yakan yi mako shida ko fiye bai daidaita ba. Ƙanƙara da magani kafin kwanciya suna taimakawa, in ta farka kuma ta tashi ta ɗan taka a ɗaki ya fi ta yi ta juyi. Tana iya kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Gajiya, rashin son abinci, saurin hawaye, duk suna zuwa a makonnin nan. Ki yi haƙuri da ita.

Abin da ba na damuwa ba, da abin da ba a kwana da shi

Wasu abubuwa suna tsorata mutane alhali ba komai ba ne. Fatar da ke gefen waje na tabon takan mutu, ta yi dindiris, domin akwai 'yar jijiyar fata da ke ratsa gaban gwiwa wadda yankan ke bi ta kanta. Wurin yana raguwa da lokaci, ko da yake wani ɗan yanki yakan zauna haka. Ƙarar ƙwas-ƙwas idan ana tafiya ƙarfe ne ke taɓa roba, in babu ciwo tare da ita a ƙyale ta. Gwiwar takan fi ɗayar ɗumi har wata shida, wani ma shekara. Jin kamar an ɗaure ta da ɗamara shi ma yana ɗaukar watanni kafin ya saki.

Waɗanda ba a jira da su kuwa ga su. Sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri, tana ciwo idan an taɓa, kumburin bai sauka da ɗaga ƙafa ba: ana zargin gudan jini, a je asibiti a ranar, kada a murza wurin. Numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini: gudan ya iya kaiwa huhu, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Sai alamun ƙwayoyin cuta, wato rauni yana ci gaba da tsiyayar ruwa bayan kwana uku ko ruwan yana ƙaruwa, mugunya ko wari, ja yana faɗaɗa, zazzaɓin da ya kai digiri 38 da rawar sanyi, ko ciwon da ya fara sauƙi ya dawo yana ƙaruwa kullum har ta kasa taka ƙafar. Wannan yana samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, amma shi ne abin da likitocin ƙashi suka fi tsoro, domin ƙwayoyin cuta suna manne wa ƙarfe su yi wa kansu rufi da magani ba ya ratsawa. In an kama shi a makonnin farko, sau da yawa wanke gaɓar da canza robar ya isa. In an makara, sai an cire ƙarfen gaba ɗaya. Don haka ina roƙonki, in kin ga waɗannan alamu kada ki sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ki ba ta. Yana ɓoye cutar ba tare da ya kashe ta ba, ya kuma ɓata gwajin ruwan gwiwa da likita zai ɗiba don gane irin ƙwayar.

A nan ciwon sugan Mama ya shigo. Suga mai hawa yana jinkirta warkewar rauni, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Watan nan da ya rage kafin aiki dama ce: a yi gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, a gyara magani in da buƙata, a duba haƙori mai ciwo, ciwon fitsari, ko wani gyambo a ƙafa, a magance su tukuna. Bayan aiki suga yakan hau na 'yan kwanaki saboda wahalar tiyata da wata allurar da ake yi don rage amai da kumburi, don haka a riƙa aunawa fiye da yadda aka saba. Raunin ya zauna a bushe, ba a shafa masa komai, ba a kuma jiƙa ƙafar cikin ruwa sai fata ta haɗe sarai.

Komawa harkokin yau da kullum

Ki shirya gida tun yanzu. A kwashe duk abin da ƙafa ko sanda za ta iya harɗewa da shi, a sa fitila a hanyar bayan gida, a samo kujera mai tauri mai hannu wadda mazauninta ya kai tsayin gwiwa ko ya ɗan fi. Kujera mai zurfi da katifa a ƙasa wahala ce. Bayan gida ya zama na zama, in ya yi ƙasa a ƙara masa tudu, da abin kamawa a gefe, wanka kuma a zaune. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka tare da sanda. Yawanci ana barin sanda mai ƙafa huɗu a koma sanda ɗaya tsakanin mako biyu zuwa huɗu, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato hagu ga Mama. Ana ajiye ta ne idan tafiya ta daina ɗingishi, wajen mako shida ga mutane da yawa. In tana tuƙi, da yake ƙafar dama ce, sai bayan mako shida ko kusa, kuma sai ta daina magani mai sa barci ta kuma iya taka birki da ƙarfi ba shakka. Aikin zama ana komawa cikin mako shida, na tsayuwa da ɗaukar kaya wajen wata uku.

A wata na uku mafi yawan mutane sun dawo da galibin harkokinsu, amma ƙarfi da sakewa suna ci gaba da ƙaruwa har shekara guda. Tafiya, keken motsa jiki da iyo sun dace da sabuwar gwiwa, gudu da tsalle suna cinye robar da wuri. Durƙuso ba ya lalata ƙarfen in rauni ya warke, sai dai fiye da rabin mutane ba sa jin daɗinsa. Ana fara gwadawa bayan wata uku, a kan matashi mai kauri, na 'yan daƙiƙu, nauyi a saman ƙwauri maimakon kan tabon. Cikakken tsuguno da zama a kan dunduniya suna buƙatar lanƙwasa da ta wuce digiri 130, abin da yawancin gwiwoyin da aka sauya ba sa kaiwa. Gara ta san haka tun yanzu ta saba da kujera.

Game da sakamako, kusan mutum huɗu cikin biyar suna gamsuwa, ciwon da ya hana su barci da tafiya ya tafi. Kusan ɗaya cikin biyar yana saura da wani ciwo ko tauri, ko da hoton ƙashi ya nuna komai daidai. Wanda ciwonsa ya ƙi raguwa bayan wata uku ya koma a bincika, domin akwai dalilan da ake iya gyarawa, kamar cuta mai ɓoyo, sassaucin gaɓa, ko ciwon da ke saukowa daga ƙugu ko baya. Ƙarfen kuma yana daɗewa: wani nazari da masu bincike na Jami'ar Bristol ta Ingila suka fitar a 2019 ya nuna wajen kashi 90 cikin ɗari suna kai shekara 20, wajen kashi 82 suna kai shekara 25. A shekarun Mama, akwai kyakkyawan zaton wannan ɗaya ta ishe ta.

Adadin kwanaki da digirin da na kawo na yawancin mutane ne. Likitan da ya buɗe gwiwar shi ya ga ƙarfin ƙashinta da jijiyoyinta, in ya ce kada ta ɗora cikakken nauyi na wani lokaci ko ya sa mata takalmin gwiwa, maganarsa za a bi. Abin da za ki iya farawa yau shi ne ki nemi a haɗa ku da likitan fisiyo kafin ranar aikin, Mama ta koyi ɗaure cinya da jan dunduniya da riƙon sanda tun ƙafar ba ta da rauni, ke kuma ki tsaya ki ga yadda ake yi, domin ke ce za ki riƙa tuna mata sau huɗu a yini idan kun koma gida.